Yadda muka ƙera kifi mai fitila ni da ɗalibaina a Tudun Wada

Makarantar da nake koyarwa a nan Tudun Wadan Zariya tana yin baje kolin kimiyya duk ƙarshen zango na biyu, kuma shekara da shekaru abin da 'yan bayoloji suke kaiwa bai wuce zanen zuciya a kwali ba, ko huhu na balan-balan, ko ƙashin karfasa da aka busar a rana. To bana sai 'yan SS2 ɗina suka zo mini da wani bidiyo da ya daɗe yana yawo a WhatsApp da TikTok, wani baƙin kifi mai wawakeken baki da haƙora zaƙo-zaƙo yana tasowa saman ruwa da rana tsaka, wasu suna cewa haɗi ne na kwamfuta wasu har suna cewa aljanin ruwa ne. Na ce musu kifi ne na gaske, kuma tunda har ya sa ku gardama haka to shi za mu ƙera mu kai baje koli.

Bidiyon an ɗauke shi ne a farkon 2025 kusa da tsibirin Tenerife, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifen da suke daura da gaɓar Maroko, kuma abin da ya sa ya tada ƙura shi ne wannan kifin ba a saba ganinsa a sama ba sam, can ƙasa yake rayuwa inda rana ba ta kaiwa. Sunansa a littafi Melanocetus johnsonii, wani masani Albert Günther ne ya fara bayaninsa a 1864 daga wanda aka samo a tsibirin Madeira. Kuma a bidiyo kamar wani dodo, amma na Tenerife ɗin nan bai cika tafin hannu ba, babbar macen ma da ƙyar take kaiwa santimita 18. Danginsa masu fitila a ka sun haura iri 160 kuma ana samunsu a manyan tekuna har da Atlantika da Legas ke bakinsa.

Na ce ba wanda zai taɓa jarida ko gam sai mun fara sanin inda kifin yake zaune, don in ba ka san gidan ba ba za ka gane dalilin siffar ba. Matsalar ita ce a ajin nan gaba ɗaya babu wanda ya taɓa ganin teku da idonsa, ruwan da suka sani shi ne Kubanni da Galma da dam ɗin Shika, to in ka ce musu mita 1,000 a ƙarƙashin ruwa lamba ce kawai za su rubuta su haddace. Sai muka sayi igiyar shanya muka fita filin ƙwallo, muka ce kowane santimita ɗaya na igiya ya tsaya a matsayin mita ɗaya na teku. Rijiya mai zurfin mita 20 sai ta zama ɗan taƙi ɗaya kacal a bakin igiyar. A mita 2 na igiya muka ɗaura jan ƙyalle, wato mita 200 ke nan, iyakar inda hasken rana yake isar tsiro ya rayu. A mita 10 muka ɗaura baƙi, wato mita 1,000, daga nan hasken rana ya ƙare ƙaf. Kifinmu yawanci a tsakanin mita 200 ne zuwa 1,500, wani lokaci har ƙasa da haka. Matsakaicin zurfin teku kuwa wajen mita 3,700 ne, igiyar ta ƙare ba mu kai ba sai da taku muka ƙarasa, shi kuwa ramin Mariana na tekun Fasifik da ya kusa mita 11,000 sai da monita ya fita daga filin ƙwallon gaba ɗaya kafin ya tsaya, yana ɗago mana hannu daga can wajen katanga. Na ƙara musu da cewa Zariya tana sama da tudun teku da fiye da mita 600, kenan kifin nan sau da yawa nisan da yake ƙasa da fuskar teku ya fi nisan da muke samanta.

Sai maganar matsin ruwa. Mun huda gorar ruwa wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, muka cika ta, kowa ya ga na ƙasan ya fi feshi da nisa. A teku duk mita 10 da ka nutsa matsin yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke kanmu yanzu, to a mita 1,000 ya ninka sau 100, in ka lissafa kusan kilo 100 ne a kan wurin da bai wuce faɗin farcen yatsa ba, buhun siminti biyu ke nan a kan farce ɗaya. Nan take wata ɗaliba ta ce, Malam to me ya hana shi murƙushewa? Washegari na biya kasuwar Sabon Gari na sayo ɗanyen karfasa muka fede a aji, na nuna musu jakar iskar da ke cikinsa ƙarƙashin ƙashin baya wadda da ita yake daidaita kansa a ruwa. Iska ce take matsewa, ruwa kuwa kusan ba ya matsewa. Shi kifi mai fitila ba shi da wannan jakar, jikinsa ruwa-ruwa ne, namansa laɓo-laɓo, ƙashinsa marar nauyi, don haka matsin ciki da na waje sun yi daidai babu abin da zai lotsa. Akwai kuma wani sinadari da ake kira TMAO da kifayen zurfi suke tarawa a jiki wanda yake kare furotin ɗinsu daga lalacewa, kuma iya zurfin da kifi yake iya yawan sinadarin. Ga sanyi, ruwan can wajen digiri 4 ne rani da damina.

Bayan wannan muka shiga aikin hannu. Balan-balan muka hura ya kai girman ƙwallo, muka dama sitaci, muka yayyaga tsofaffin jaridu muka riƙa liƙawa bene-bene, kuma Allah ya taimake mu lokacin hunturu ne, in ka shafa da safe kafin a tashi ya bushe ƙarau. Da gangan muka yi shi ya fi na gaske girma don mutane su gani, amma na sa aka zana ainihin girmansa a kati aka ajiye a gefe. Abin da muka riƙa dubawa shi ne bidiyon da cibiyar binciken teku ta MBARI a Kalifoniya ta Amurka ta ɗauka a 2014 da na'ura mai nutso, a wajen zurfin mita 600 a Monterey, wata mace ce mai santimita 9 a cikin gidanta tana shawagi a hankali. Mun kalle shi har data ta ta yi kuka, muna tsayarwa muna zanawa. A nan ne yaran suka lura kai da baki sun kusa cinye rabin jikin, muƙamuƙin ƙasa ya turo gaba bakin yana kallon sama, idanu ƙanana, wutsiya 'yar guntuwa, ga wasu ɗigo-ɗigo a jere a fata waɗanda da su take jin motsin ruwa in wani abu ya gifta. Har da haƙori ɗaya da ya karye yana lilo a bakinta suka gani, suka dage sai namu ma an yi masa karyayyen haƙori.

Haƙoran nan su suka fi cin lokaci. Yaran sun so a yi da tsinken sakace, na ce ku koma ku duba, haƙoran kifin nan sirara ne kuma garai-garai ana ganin haske ta cikinsu, farin tsinke zai nuna a duhu. Sai muka tattaro gorunan ruwa muka yanka su da almakashi dogaye masu tsini, wasu dogo wasu gajere don nasa ma ba daidai suke ba. Sannan abin da ya fi burge ni, haƙoran nan suna kwantawa ciki amma ba sa kwantawa waje. Wani yaro da babansa ke faci a Kwangila shi ya kawo dabarar, ya zo da robar tif ɗin keke muka yanka ƙanana, muka ɗaure gindin kowane haƙori da ita a jikin waya sannan muka sa ɗan katako a gabansa ya tokare. In ka tura hannu cikin bakin sai su kwanta ka wuce sumul, in ka ja baya sai su miƙe su kama maka hannun riga. Wallahi ranar da ya yi aiki ajin kamar ana biki, kowa sai ya tura hannu.

Cikin kuma da baƙar safa muka yi shi, mai talewa, muka ɗinka ta a ƙarƙashin jikin, muka sassaƙa kifi na soso wanda ya fi ramin cikin tsawo muka cusa ya lanƙwashe a ciki. Haka yake a gaske, an sha kama irin kifin nan a tarar da wanda ya fi shi tsawo a naɗe a tumbinsa. Kuma in ka duba dalili sai ka ji tausayinsa ma, can ƙasa babu tsiro babu ciyawa, duk abincin da ke wurin daga sama yake gangarowa, gawar ƙananan halittu da kashinsu da ɓarɓashi suna sauka a hankali, kuma kafin su kai ƙasa an cinye mafi yawa a hanya. Wanda yake zaune a irin wannan wurin ba shi da halin zaɓe, ba shi da ƙarfin da zai ɓata a guje-guje, zama yake ya rage motsi ya jira, duk abin da ya zo ƙarami ko babba dole bakin ya ɗauka cikin ya riƙe don bai san ranar da wani zai sake zuwa ba. Ni a ganina wannan shi ne abin da ya kamata ɗalibi ya fita da shi, wawakeken bakin nan da mutane ke cewa muni, yunwar wurin ce ta sa ya zama haka.

Fenti kuma gwaji muka yi a kan guntayen kwali uku, fentin mai da baƙin allo da kuma baƙin tukunya da muka kankaro muka kwaɓa da farin gam na kafinta, muka kai su sito muka rufe ƙofa muka haska tocila. Fentin mai sai ƙyalli yake, baƙin tukunya kuwa kamar ya shanye hasken, shi muka ɗauka. Dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci, kifin yana rataye da fitila a gaban fuskarsa, in fatarsa tana mayar da haske ai ya tona wa kansa asiri. A 2020 masu bincike a Amurka sun auna fatar wasu kifayen zurfi har da wani ɗan'uwan namu mai suna Oneirodes, suka tarar hasken da take mayarwa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, saboda yadda ƙwayoyin baƙin launi suke cunkushe a fatar babu tazara. Da yawansu har bangon cikinsu baƙi ne, don in sun haɗiye abu mai haske kada ya riƙa nunawa ta waje.

Fitilar kuwa wajen wani mai gyaran rediyo da tocila na kai a unguwar PZ, dattijo ne mun saba. Na zayyana mishi abin da nake so, ya ɗauko farin ƙwai mai haske sosai, na ce a'a Baba shuɗi nake so kuma ɗan ƙarami wanda bai da ƙarfi. Ya kalle ni ya ce, Malam wannan ai ba zai haska maka komai ba. Na ce Baba ai ba don ya ga hanya ba ne, don a gan shi ne a zo. Ya yi dariya ya ce to fatsa ke nan, ya ciro wani ɗan shuɗin ƙwai daga tsohuwar caja, ya haɗa mini da batir da suwic ya sa ɗan abin rage wuta, ya ƙi karɓar kuɗin aiki ya ce tunda na yara ne. Muka zura wayar ta cikin siririn bututu muka kafa shi a goshin kifin, muka rufe ƙwan da 'yar farar roba don hasken ya yi laushi.

A jikin kifin na gaske sandar nan ƙaya ce, ta farko a cikin ƙayoyin baya, ita ce ta matso gaba ta dawo saman kai, a bakinta akwai ɗan kumburi cike da bakteriya masu ba da haske. Wato ba kifin ne yake yin hasken da kansa ba, shi ya ba su masauki da abinci su kuma su ba shi fitila, kuma bincike ya nuna daga ruwan teku yake samo su ba gadonsu yake yi daga uwa ba. Kowane iri da siffar fitilarsa, wani da gashi-gashi wani da rassa, har da ita masana suke bambance su. Me ya sa shuɗi? Wannan ma mun gwada, muka rufe bakin tocila da shuɗiyar leda ninki-ninki muka haska jar hula a duhu, sai ga hula ta koma baƙa. Ruwa ja yake fara shanyewa tun a 'yan mitocin sama, shuɗi ne yake tafiya da nisa, shi ya sa idanun yawancin halittun can shuɗi suka fi gani, shi ya sa kuma jatan landen zurfi da yawa jajaye ne, a wurin ja da baƙi duk ɗaya.

Muna dab da gamawa sai wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ce, Malam wannan mace ce ko namiji? Na ce mace ce, duk wanda kuka gani da fitila da manyan haƙora mace ce. To ina namijin? A nan ne muka ci darasi guda cur ba mu taɓa gam ba. Namijin Melanocetus bai kai santimita 3 ba, ba shi da fitila, abin da yake da shi manyan kafofin shaƙar ƙamshi ne da wasu 'yan ƙugiyoyi a baki, aikinsa kenan ya bi ƙamshin mace a cikin wannan duhun mai faɗi har ya same ta ya cije ya riƙe. A wasu dangin abin ya wuce haka, kamar Ceratias holboelli da macen ke wuce mita ɗaya, in namiji ya cije sai fatar bakinsa ta haɗe da tata, jijiyoyin jininsu su zama ɗaya, idanunsa su lalace, ya koma rayuwa da jininta har mutuwa, shi kuma yana ba da maniyyi lokacin da za ta saki ƙwai. A 1922 wani masani ɗan Aisland, Bjarni Sæmundsson, ya ga irin waɗannan ƙananan a manne a tumbin wata mace ya ɗauka 'ya'yanta ne, sai a 1925 Charles Tate Regan a Landan ya fede ya gane maza ne. An taɓa samun mace ɗaya da maza takwas a jikinta.

Wani yaro da yake son karanta likitanci ya ce, to Malam ya jikinta bai ƙi shi ba, ba an ce in an yi wa mutum dashen ƙoda sai ya yi ta shan magani ba? Gaskiya tambayar ta faranta mini rai, don ita ce ainihin tambayar da masana suka yi shekaru suna yi. A 2020 masu bincike na cibiyar Max Planck a Freiburg ta Jamus tare da Theodore Pietsch na jami'ar Washington suka gano cewa irin masu haɗewar nan sun rasa wasu ƙwayoyin gado na garkuwar jiki, waɗanda su ne suke gane baƙon nama su yaƙe shi, abin da in mutum ya rasa ba zai daɗe ba.

Amma fa namu Melanocetus ba ya cikin masu haɗewa, namijin yana kamawa na ɗan lokaci ne ya saki. Bidiyoyi da yawa a intanet suna cakuɗa su kamar duk abu ɗaya ne, kuma yaran sun so mu manna namijin a jikin macen don ya fi ban mamaki, na ce a'a, abin da za mu nuna wa iyaye dole ya zama daidai. Muka gina shi da yumɓu ɗan mitsitsi muka rataye shi da baƙin zare a gefenta, labarin Ceratias kuma muka zana shi daban a kwali. A kwalin muka ƙara da cewa ƙwan yana tasowa sama ne, 'ya'yan su fara rayuwa a ruwan sama mai haske da abinci, sai sun fara canza siffa su gangara.

Abu na ƙarshe shi ne akwatin duhu. Mun samo kwalin firij a wajen masu kayan lantarki, muka shafe cikinsa da baƙin tukunya, muka toshe duk wata kafa da selotef, muka yi 'yar taga guda da baƙin ƙyalle da mutum zai lulluɓe kansa. Suwic biyu ne a waje. In ka leƙa ka ɗan jira ido ya saba, sai a kunna na farko, ba ka ganin komai sai ɗigon shuɗi yana lilo don akwai zaren da ɗalibi ke ja a hankali. Sai a ce maka ka ɗauka kai ɗan ƙaramin kifi ne mai jin yunwa, sannan a kunna na biyu, wani raunannen haske daga gefe, sai ga baki a buɗe da haƙora dab da fuskarka. Firinsifal ɗinmu ma da ta leƙa sai da ta ja da baya tana salati.

Ranar baje kolin layi ya yi tsawo a teburinmu, ni dai gefe na koma na bar yaran suna bayani, kuma na ji daɗin yadda ba hadda suke zubawa ba, in an tambaye su sai su nuna safa ko haƙori ko igiya. Wani tsoho kakan ɗaya daga cikinsu, masunci ne a bakin Galma, ya daɗe a wurin yana tura yatsa a bakin yana jawowa, ya ce shi ya san haske yana tara kifi da dare tun yana yaro amma bai taɓa jin kifin da ke yawo da tasa fitilar ba. Ya ce ɗana ana cin sa kuwa? Na ce a'a Baba, ƙarami ne kuma naman ruwa ne, kamo shi ma sai jirgin bincike da raga mai zuwa can ƙasa, amma yana da 'yan'uwa manya masu kwanciya a ƙasan tekun da bai kai haka zurfi ba, su ana cinsu a Turai da Japan. Ya tambayi na bidiyon, jikarsa ta ce masa bai daɗe ba ya mutu, yanzu yana ajiye a gidan adana kayan tarihi na Santa Cruz a can Tenerife.

Kifin yana ɗakin gwaje-gwajenmu yanzu a cikin akwatinsa, na cire batir don kada ya zuba ya lalata wayoyin. 'Yan SS1 kuma sun riga sun zaɓi nasu na baɗi, Malacosteus niger, wani maharbin zurfi da yake da jar fitila a ƙarƙashin ido wadda shi yake gani da ita amma yawancin abin da yake farauta ba sa ganinta. Jan ƙwai ba zai yi wuya ba a PZ, abin da muke ta zane a kansa yanzu shi ne muƙamuƙin ƙasa, don nasa babu fata a tsakiya ƙashi ne kawai a buɗe, jarida da sitaci ba za su yi ba sai dai mu lanƙwasa waya.